Haɗejia: Digiri na biyu a hannu, amma ana tambayar inda aka taɓa aiki

Kowace shekara jami'o'in Kano da Zariya da na jihar Jigawa kan yaye matasa 'yan asalin masarautar Haɗejia da suka sami digiri na biyu ko babbar difloma a fannin kasuwanci da tallata haja. Sai dai da yawa daga cikinsu kan ci karo da sharaɗi iri ɗaya a duk inda suka miƙa takardunsu, wato ana bukatar wanda ya taɓa yin aiki na shekaru biyu ko uku. Tambayar da ba a cika ba su amsarta ba ita ce, a ina ne za su sami waɗannan shekaru in har ba wanda ya yarda ya fara ɗaukarsu.

Abin da ya sa wannan batu ya fi ɗaure kai a Haɗejia shi ne, yankin ba ya cikin wuraren da za a ce babu abin sayarwa. Fadamar kogin Haɗejia, wadda ta ratsa ƙananan hukumomin Auyo da Kafin Hausa da Haɗejia da Kiri Kasamma da Guri kafin ta dangana da Nguru a jihar Yobe, tana daga cikin wuraren da suka fi albarkar noma da su a arewacin Nijeriya. Ana noman shinkafa rani da damina, ana noman alkama lokacin sanyi, ga tattasai da albasa da kankana, a tudu kuma ga riɗi da gero da wake. Kasuwar kifi ta Haɗejia ta yi suna har a kudancin ƙasar, inda fatake ke ɗibar bandar kifi a kwali-kwali suna kaiwa Anaca da Legas. A ƙarshen watan Janairun 2023 tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya buɗe aikin noman rani na kwarin Haɗejia a Auyo, wanda ya ƙunshi kadada fiye da dubu biyar, aka kuma gyara shi da rancen Bankin Duniya. A watan Nuwamban wannan shekarar kuma a yankin Haɗejia ne ministan aikin gona Abubakar Kyari ya ƙaddamar da shirin noman alkama na ƙasa baki ɗaya. Duk wanda ya dubi wannan zai ɗauka cewa mai ilmin sayar da kaya shi ne za a yi rububinsa. Ba haka lamarin yake ba.

Tun daga sunan karatun ma ake fara samun tangarɗa. A kunnen Bahaushe kalmar talla tana nufin yarinya da faranti a ka, ko kuma mai magani da lasifika a bakin tasha, saboda haka saurayin da ya shaida wa kawunsa cewa ya yi shekaru biyu yana ƙarin karatu a kan talla, sai ya yi dogon bayani kafin a daina yi masa murmushi. Alhali kuwa abin da aka koya masa ya wuce nan. An koya masa yadda ake binciken abin da masu saye ke so, da yadda ake tsayar da farashi, da zaɓen suna da mazubin kaya, da tsara hanyar da kaya za su bi daga masana'anta har zuwa hannun mai amfani da su. Sayarwar kanta, wato a tsaya gaban mai kanti a shawo kansa ya karɓi kaya, reshe ɗaya ce kawai daga cikin wannan ilmi. To amma wannan reshe ɗaya shi ne kusan dukkan abin da ake samu a matsayin aiki a gari irin Haɗejia.

Dalili kuwa yana tattare ne da yadda manyan kamfanonin Nijeriya suka tsara kansu. Hedikwatocin kamfanonin abinci da sabulu da na sadarwa da akasarin bankuna duk a Legas suke, kuma a can ne ake yanke shawara a kan farashi da sanarwar rediyo da hoton da za a liƙa a jikin kwali. Abin da ke Kano shi ne ofishin shiyya, wanda aikinsa bai wuce tabbatar da cewa manyan diloli na kasuwar Singa da makamantanta sun ɗauki adadin da aka ƙayyade musu ba. Daga Kano kaya kan bi ta Gujungu su isa Haɗejia a hannun dila, shi kuwa dila yaransa yake da su, waɗanda galibi 'ya'yansa ne ko ƙannensa ko kuma 'ya'yan aminansa. Idan kamfani ya ajiye ma'aikaci a yankin, to bai wuce wakili ɗaya ko biyu ba, masu zagaya kasuwannin ƙauye a kan babur suna rubuta abin da aka saya. Irin wannan aiki mai ƙaramar difloma daga kwalejin Binyaminu Usman da ke Haɗejia zai iya yinsa, kuma kamfani ya san cewa zai fi zama a kansa. Mai digiri na biyu kuwa ana yi masa kallon wanda ya zo fakewa ne kafin ruwa ya ɗauke.

Akwai kuma matsalar shekarun haihuwa, wadda ita ce ta fi yi wa matasan arewa illa ba tare da an cika maganarta ba. Ƙofa guda da manyan kamfanoni da bankuna ke buɗe wa wanda bai taɓa aiki ba ita ce ta shirin horar da sabbin masu digiri, kuma sanarwar irin wannan shiri ta saba ƙayyade cewa kada mai nema ya wuce shekaru 26 ko 27. Yaron da ya taso a Birniwa ko Kaugama, wanda mai yiwuwa bai shiga firamare da wuri ba, ya kuma sake zama jarrabawar shiga jami'a sau ɗaya ko sau biyu, da wuya ya kammala digirin farko kafin wannan iyaka. Sannan ga yajin aikin malaman jami'o'i, wanda ya cinye kimanin watanni tara a 2020 da wasu watanni takwas a 2022. In ya gama sai ya tafi bautar ƙasa ta shekara guda, inda akasari akan tura mutum koyarwa a makarantar sakandare ko da kuwa abin da ya karanta ba shi da alaƙa da aji. Bayan ya dawo gida ya yi shekara ɗaya ko biyu ba aiki, sai 'yan uwa su ba shi shawara ya koma ya ƙaro karatu, tunda zama wuri ɗaya tsautsayi ne in ji kifi. Mahaifi ya sayar da buhunan shanshera a biya kuɗin makaranta a Jami'ar Bayero ko Jami'ar Tarayya ta Dutse. Ranar da zai karɓi sabuwar takardar shaidarsa ya kai shekara 30 ko ya haura, ƙofar sabbin shiga ta rufe, ita kuwa ƙofar ƙwararru ba a buɗe ta sai ga mai shekarun aiki. Wato ƙarin karatun da aka yi domin a sami aiki shi ne ya cinye lokacin da ya rage na shiga aikin.

Wannan ba sabon abu ba ne a duniya. Tun a 1976 wani masanin zamantakewa ɗan Birtaniya mai suna Ronald Dore ya wallafa littafi a kan abin da ya kira cutar takardar shaida, inda ya nuna yadda a ƙasashe masu tasowa, idan ayyukan ofis suka yi ƙaranci, masu nema kan riƙa tara takardu domin su sha gaban juna, su kuma masu ɗauka su riƙa ɗaga sharaɗi, ba tare da aikin kansa ya sauya ba. Bambancin da ke akwai a fannin tallata haja shi ne, a nan takarda ba ta ma da ƙarfin da take da shi a aikin likita ko lauya ko akanta. Gaskiya ne akwai cibiyar ƙwararrun masu tallata haja ta ƙasa, wadda dokar 2003 ta kafa, akwai kuma hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON da ta maye gurbin APCON a 2022. Amma babu mai injin casar shinkafa da zai tambayi katin wata cibiya kafin ya damƙa wa mutum kayansa. Abin da zai tambaya shi ne, tirela nawa ka taɓa sayarwa, kuma kuɗin sun dawo ko ba su dawo ba.

Alƙaluman hukuma ba sa taimakawa sosai wajen gane girman matsalar. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 kashi 33 cikin 100 na masu iya aiki kuma suke son yinsa a Nijeriya ba su da shi. Bayan da ta sauya tsarin lissafinta a 2023, ta fara ɗaukar duk wanda ya yi aikin sa'a ɗaya a mako a matsayin mai aiki, sai adadin ya faɗo zuwa kusan kashi 4 cikin 100. A bisa wannan ma'auni, mai digiri na biyu da ke taya yayansa tsaron shagon cajin waya da yamma ba ya cikin marasa aiki. Duk da haka rahotannin hukumar sun nuna abubuwa biyu masu muhimmanci: fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar suna yi ne a wajen tsarin albashi da rajista, kuma rashin aiki ya fi yawa a tsakanin waɗanda suka yi karatun gaba da sakandare a kan waɗanda ba su yi boko ba. A jihar da binciken talauci na 2022 ya sanya cikin waɗanda suka fi fama, ba a bukatar dogon lissafi kafin a gane cewa kamfanonin da ke da ofis da ma'aikacin talla na musamman ba su da yawa.

Idan aka waiwayi baya za a ga cewa duk lokacin da 'yan boko na wannan yanki suka sami shiga harkar ciniki da yawa, wani babban sauyi ne ya tilasta aka ɗauke su ba tare da tambayar gogewa ba. Lokacin da layin dogo daga Kano zuwa Nguru ya kammala a 1930, Malam Madori ta zama tashar sayen gyaɗa, kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna suna neman akawu da masu awo, wanda duk ya iya rubutu da lissafi sai ya sami wuri, sauran kuma ya koya a bakin sikeli. Daga baya hukumomin sayen amfanin gona na gwamnati suka gaji wannan aiki har zuwa 1986 da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rusa su. An sake ganin irin haka bayan shigowar wayar salula a 2001, sannan bayan garambawul ɗin da gwamnan babban banki Charles Soludo ya yi a 2004 da 2005, wanda ya rage yawan bankuna daga 89 zuwa 25, ya kuma wajabta wa kowannensu jarin naira miliyan dubu 25. Bankunan suka bazama buɗe rassa suna ɗibar matasa, a lokacin ne kuma kalmar maketa ta shiga bakin jama'a.

To sai dai wannan zamani ya bar tabo. Maketa a banki shi ne wanda ake ɗora wa adadin kuɗin ajiya da zai kawo a wata ko a zango, in ya gaza a sallame shi, kuma a hankali aikin ya koma na kwantiragi ta hannun wasu kamfanoni na daban, babu tabbacin ƙarin girma. A garin da masu manyan kuɗi ba su da yawa kuma kowa ya san su, sabon ma'aikaci kan ƙare da bin 'yan uwa da surukai yana roƙo su buɗe asusu. Iyaye da dama ba sa son 'ya'yansu mata su shiga wannan aiki saboda irin maganganun da ake yi a kansa, ko da gaskiya ko babu. Wasu matasan kuma suna ƙin aikin bankin da ke mu'amala da kuɗin ruwa saboda addini, kamar yadda ba za su nemi aiki a kamfanin giya ba, duk da cewa kamfanonin giya na cikin waɗanda suka fi kashe kuɗi a kan talla a Nijeriya. Buɗe bankin Jaiz a 2012 da bankin TAJ a 2019 ya ɗan sassauta wannan, amma guraben da ke cikinsu ba su kai yawan masu nema ba.

Tun daga 2023 kuma al'amura suka ƙara tsananta. Janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayu da sakin darajar naira a watan Yuni sun sa kamfanoni tsuke bakin aljihu, kuma a al'adance kuɗin talla ne ake fara yankewa. A cikin wannan shekara kamfanin magunguna na GSK da kamfanin Procter & Gamble suka ba da sanarwar sauya tsarin harkokinsu a Nijeriya, suka koma dogaro da shigo da kaya ta hannun wasu. Irin waɗannan kamfanoni kuwa su ne tun da can ake ɗauka a matsayin makarantar koyon tallata haja a aikace. Waɗanda suka bunƙasa a wannan lokaci su ne kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya irin su Moniepoint da OPay, musamman bayan ƙarancin takardun naira na farkon 2023. Sun kai na'urorin cirar kuɗi har kasuwannin ƙauye, sun kuma buɗe wa matasa hanyar samu, sai dai galibin aikin na kamasho ne, abin da ka kawo shi za ka ci. Wanda ya saba karɓar alawus na bautar ƙasa, wanda ya tashi daga naira dubu 33 zuwa dubu 77 a 2025, yana iya samun kansa a watan farko da abin da bai kai haka ba.

Amma babban abin da ya kamata a tsaya a duba shi ne kasuwar Haɗejia ita kanta, domin kuwa ba gaskiya ba ne a ce babu masu aikin tallata haja a cikinta. Suna nan da yawa, sunansu ne dabam. Dillali a kasuwar kifi ya san wane baƙo ne ke son tarwaɗa manya, wane ne ke son ƙanana, ya san lokacin da farashi zai tashi saboda ruwa ya ja baya, ya san wanda za a ba bashi a yi barci da wanda ko da jingina ba a ba shi. Fatoma yana saukar da baƙon da ya zo daga kudu, ya adana masa kuɗi da kaya, ya tsaya masa idan rigima ta taso. Ɗan kamasho yana bin gonaki a Auyo da Guri yana tara wa maigidansa shanshera tun kafin a gama sheƙa. Abin da littattafan jami'a ke kira binciken kasuwa da kula da abokin ciniki da tantance mai cin bashi, waɗannan mutane suna yinsa kullum, a ka, ba tare da kwamfuta ba. Su ma kuma suna da nasu sharaɗin gogewa, wanda ya fi na kamfani tsanani: yaro kan shekara biyar ko goma a gaban maigida, daga ɗaukar kwali zuwa riƙe jaka, kafin a sallame shi da jari. Jarin wannan tsari amana ce, ita kuwa ba a rubuta ta a takarda.

A nan ne ɗan boko ya faɗa tsakiya. Shekarun da sa'anninsa suka yi a rumfa shi ya yi su a aji, saboda haka kasuwa ba ta san shi ba. Idan ya je wurin Alhaji mai injin shinkafa da shawarar a sake fasalin buhu a kuma ware kuɗin sanarwa, amsar da zai iya samu ita ce, kayan da ake layi a kansu me za a yi da talla. A shekarun da aka rufe iyakokin ƙasa, daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, wannan amsa tana da hujja, domin duk abin da aka casa akwai mai saye. Abin takaici kuma shi ne, da yawa daga cikin waɗannan matasa 'ya'yan manoma ne da 'yan kasuwa, sun taso suna auna shinkafa suna kai kaya Gujungu, amma idan suka zo rubuta takardar tarihin karatu da aiki sai su bar wannan duka a waje, don an nuna musu cewa aiki shi ne wanda aka yi a ofis.

Alhali giɓin da ilminsu zai iya cikewa a fili yake. An sha kama masu zuba shinkafar gida a buhunan da ke ɗauke da sunayen shinkafar waje, abin da ke nuna cewa kayan sun kai, sunan ne bai kai ba. Matan da ke turara shinkafa a gidajensu suna sayarwa a kwano ba su da hanyar isa manyan kantunan Kano da Abuja, inda mai saye ke son ƙaramin mazubi mai tsabta da lambar hukumar NAFDAC. Riɗi da zoɓon da ake tarawa a Malam Madori da Maigatari suna fita ƙasashen waje ne ta hannun wasu, waɗanda su ne suka san abin da mai saye a can yake bukata. Ƙasar Meziko, babbar mai sayen zoɓon Nijeriya, ta taɓa dakatar da karɓarsa na wasu shekaru saboda ƙwarin da aka samu a cikin kayan, kamar yadda Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015 saboda yawan maganin ƙwari. Sanin irin waɗannan ƙa'idoji da isar da su ga manomi da ɗan kasuwa tun kafin a ɗinke buhu aikin mai ilmi ne, kuma shi ne abin da dillali duk da gwanintarsa ba lalle ya iya ba. Haka nan kamfanonin taki da iri da maganin feshi da injinan ban ruwa masu aiki da hasken rana suna bukatar wakilai a fadama, ko da yake a nan ma sukan fifita wanda ya karanta aikin gona, tunda manomi ba zai saurari wanda bai san ciwon shuka ba.

Sai dai a yi wa masu masana'antun yankin adalci, domin ba rowa ce kaɗai ke hana su ɗaukar ma'aikaci na dindindin ba. Harkar tasu tana tafiya ne da ruwa da kuma manufofin gwamnati, dukansu biyu kuwa ba su da tabbas. Tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar kogin ta sauya, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya bushe wani ya nutse. Ambaliyar 2018 da ta 2020 da ta 2022 sun lalata gonaki masu yawa a masarautar. Kamfanin Dangote ya ƙaddamar da shirinsa na noman shinkafa tare da ƙananan manoma a Haɗejia a watan Fabrairun 2016, a daidai lokacin da shirin rancen manoma na babban banki ke tashe, aka yi ta kafa injina. A tsakiyar 2024 kuma gwamnatin tarayya ta ba da damar shigo da wasu kayan abinci ba tare da haraji ba na kwanaki 150, farashin shinkafa ya sauka a 2025, masu injina suka yi ta kukan cewa ba sa mayar da kuɗinsu. Wanda bai san ko injinsa zai yi aiki baɗi ba, ba zai ɗaure kansa da albashin mai digiri na biyu ba. Zai ɗauki mutum na wata uku lokacin kaka, ya biya shi a kan buhu.

Gwamnatoci sun yi ta gwada magance matsalar rashin gogewa. An yi shirin tura masu digiri kamfanoni a ƙarƙashin SURE-P tun daga 2012, an yi N-Power daga 2016 da alawus na naira dubu 30 a wata, an kuma ƙaddamar da shirin Jubilee tare da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2021, da nufin sanya matasa dubu 20 a wuraren aiki na shekara guda. Jihar Jigawa tana da nata, irin su J-Teach na malaman makaranta da J-Agro na malaman gona. Amma ga wanda ya karanta tallata haja a Haɗejia dukansu suna da rauni ɗaya. Waɗanda ke tura mutane kamfanoni suna bukatar kamfani mai rajista da tsarin ofis, irin waɗannan kuwa a Legas da Abuja da Kano suke. Waɗanda suka iso ƙauye kuma aji suke kai mutum. Bayan shekara biyu yana koyar da darasin kasuwanci a ƙaramar sakandare, har yanzu bai sayar da ko mudu ɗaya da zai nuna wa mai ɗaukar aiki ba.

Wasu ƙasashe sun bi ta wata hanya. A Jamus, matashi mai son aikin kasuwanci, har da na tallata haja, kan shiga horo na kimanin shekaru uku inda yake raba mako tsakanin kamfani da makaranta, ana kuma biyansa, ta yadda ranar da ya karɓi takarda yana da shekarun aikinsa a hannu. Misalin da ya fi kusa da Haɗejia shi ne na Indiya, inda a 1979 aka kafa cibiyar koyar da gudanar da harkokin karkara a garin Anand na jihar Gujarat, bisa jagorancin Verghese Kurien, mutumin da ya gina ƙungiyar masu madara ta Amul. An kafa ta ne domin ƙungiyoyin manoma su sami manajoji masu ilmin zamani, kuma zaman ƙauye da aiki a cikin ƙungiya suna daga cikin sharuɗɗan kammala karatu. A Nijeriya akwai shirin koyon aiki na ɗalibai da asusun ITF ke kula da shi tun 1973, amma ya fi karkata ga fannonin kimiyya da fasaha, kuma a matakin digiri na biyu kusan babu shi. Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, wadda aka kafa a 2013, tana zaune ne a bakin fadamar. Babu abin da zai hana sassan koyar da kasuwanci na jami'o'in yankin su wajabta wa ɗalibi ya yi kaka ɗaya cikakkiya tare da ƙungiyar manoman shinkafa ko ta masu kifi, a kuma auna shi da abin da ya ƙaru a cinikinsu, maimakon kundin bincike mai cike da tambayoyin da aka raba wa abokai su cika.

Ana yawan nuna wa matasa intanet a matsayin mafita, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Masu sayar da atamfa da turare da kayan gyaran jiki a Kano sun mayar da Facebook da TikTok da WhatsApp kasuwa, kuma wanda ya iya tsara saƙo da Hausar da manomi zai ji yana da abin da ma'aikacin Legas ba shi da shi. A wannan fanni ne kaɗai mutum zai iya ƙirƙiro wa kansa shaidar aiki ba tare da jiran kowa ba: ya ɗauki kayan wani ɗan kasuwa, ya tallata su, ya ajiye lissafin abin da aka kashe da abin da aka samu. Sai dai bandar kifi da shanshera ba kayan da ake saye da hoto ba ne, mai saye yana son ya ɗanɗana ya murza, ga kuma matsalar wutar lantarki da tsadar data, waɗanda kamfanonin waya suka ƙara wa kuɗi da kimanin rabi a farkon 2025.

Saboda haka hanyoyin da suka rage a zahiri kaɗan ne, kuma kowacce da nata ɗaci. Wasu kan karɓi aikin wakilin sayarwa da ya yi ƙasa da karatunsu, har akwai masu ɓoye digiri na biyu a takardar neman aiki don kada a ce sun fi ƙarfin wurin, da fatan bayan shekara biyu alƙaluman cinikinsu su kai su ofishin shiyya a Kano. Wasu kan ajiye girman kai su koma gaban wani maigida a kasuwa, suna riƙe masa littafi da waya, a shekarun da ƙannensu suka riga suka zama masu rumfa. Wasu kan nemi koyarwa a kwaleji, su koyar da abin da su ma ba su taɓa yi a aikace ba, lamarin da ke sake haifar da matsalar ga 'yan baya. Masu uwa a gindin murhu kuwa sukan sami takarda daga wani babba su shiga ma'aikatar gwamnati, inda ba a tambayar abin da aka karanta. Sauran kuma suna hawa mota zuwa Kano ko Abuja ko Legas, inda mai jin Hausa da ya san farashin shanshera a Auyo kan zama abin nema ga kamfanonin da ke sayen amfanin gonar da ya baro a gida.